Madarar Ƙungiyar Zumunta

A shekarar farin 1984, wata safiya Jatau, shugaban Ƙungiyar Zumunta ta Agiye, ya buɗe mangaza, ɗakin ajiyar ƙungiya, ya tarar babu gwangwanin garin madara. 'Yan ƙungiyar masu aikin sa kai ne. Kullum suna dama kunu su kai wa makiyayan da shanunsu suka mutu, waɗanda suka yada zango bayan kasuwa.

Kafin jandarma Isaka ya iso, gari ya ɗauka cewa baƙin makiyayan ne suka sace. Masu ba da gero suka ce sun janye hannu.

Isaka ya duba kwaɗo, lafiya lau. Gero da mai suna nan. Ƙasa a share tas.

"Ina makulli ke kwana?"

"Rataye a madafa," in ji Jatau. "Ni da Chindo mai amalanke da Laraba mai girki muka san wurin."

"Mi kuma ya ɓata?"

"Wani ɗan ƙaramin cokali."

Isaka ya je zango ya sami Sajo, dattijon makiyayan.

"Ranka ya daɗe, ko ƙofar ba mu sani ba," in ji Sajo. "In an hana kunun nan, yaranmu ba su kai damina."

Isaka ya gamsu, don mai yunwa ba ya tsallake buhun gero. Jatau kuwa shi ya kai ƙara da kansa. Chindo a Gazawa ya kwana wajen ɗauko waken gudummawa, jakinsa ma bai huce ba.

Saura Laraba, wadda mijinta ya rasu ba su haihu ba. Isaka ya same ta tana hura wuta.

"Inna, sannu da aiki. Wanda ya ɗauki madarar ya share wurin, kamar mai share shi kullum. Ya bar abin da ke da tsada, ya ɗauki cokalin da bai isa bakin babba ba. Ga kuma tumbuɗin jinjiri a kafaɗarki. Ina yake?"

Ta tashi ta kai shi gidanta. Jaririya ce kwance a kan zane, ga gwangwanin a gefe.

"Uwarta Maijidda ce, 'yar zango. Da zazzaɓi ya ci ƙarfinta ta miƙo mani ita kafin ta rasu, ta ce ba su da kowa. Na ji tsoro in na faɗa a ɗauke ta a kai gidan marayu a Maraɗi."

"Kin kusa jawo wa zangon nan yunwa, Inna."

Laraba ta fashe da kuka. Da ƙafarta ta je ta durƙusa gaban Sajo, a idon mutanen gari.

Jatau ya janye ƙara, ƙungiya ta yanka wa jaririyar rabonta na madara, gero ya ci gaba da zuwa. Sajo ya daɗe yana kallon yarinyar a bayan Laraba.

"Riƙe ta," ya ce. "Amma in ta fara magana, ki riƙa kawo ta ta ji Fulatanci."