Duwatsun Tsohon Soja

Magariba ta kawo jiki, awaki sun shige garke, Inna na ɗauraye kwanuka a bakin rijiya, lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan rufin kwano. Baƙo na zaune a ƙofar ɗakinsa yana goge takalmi. Ya ɗaga kai. Babu gida kusa da su, balle a ce yaran maƙwabta ne. Gona ce ta kewaye su ta ko'ina, sai duhun da ke tahowa daga bakin daji.

Baƙo ba sunansa ba ne. Ƙanwarsa Auta ce ta laƙaba masa, ganin ya dawo bayan shekaru yana yawon garuruwa amma har yanzu jakarsa na bayan ƙofa a ɗaure.

Mahaifinsu tsohon soja ne. Da yaƙi ya ƙare ya zo wurin nan da gatari da fartanya, lokacin babu komai sai ƙurmi. Ya sare itatuwa, ya tsince duwatsu da hannunsa ya tara a kusurwar gona. Tun Baƙo na yaro, kullum da yamma tsohon kan ja ƙafarsa mai rauni ya je ya zauna a kan tarin, yana magana shi kaɗai. Ramuka, ruwan sama, wani kogi, sunayen mutanen da babu wanda ya sani. Da can a gida yake yin hirar, sai dai da ya fara kowa ke tuna wani aiki da ya bari. A hankali ya kwashe hirarsa ya kai can.

Da Baƙo ya dawo sai ya kira mai tarakta. Mai tarakta ya ce tarin nan na hana shi juyawa, Baƙo ya sa aka kwashe duwatsun aka cike wani rami a bayan gida. Ya kuma ce Baba ya tsufa da zaman waje, ya sayo masa kujera ya ajiye a ɗaki. Tsohon ya zauna a kujerar. Tun daga ranar, in ba amsa gaisuwa ba, babu wanda ya sake jin muryarsa.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana na faɗuwa sai ya fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Baƙo ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya ga jar ƙasar kusurwar gona a jikinsa. Ya jefar, bai gaya wa kowa ba.

Sai wata yamma Auta ta ajiye tsintsiya a tsakar gida, ta miƙe ƙyam, ta fara takawa. Hagu, dama. Hagu, dama. Tana jan ƙafa ɗaya, irin jan da mahaifinsu ke yi.

"Auta, daina wasan nan," in ji Inna.

Yarinyar ta juyo. Idanun ba nata ba ne.

"Ina kuka kai shi?" ta tambaya, da wata murya mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

Baƙo ya hau keke ya ɗauko malamin da ake kira in abu irin wannan ya faru, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana. Malamin ya sa aka zaunar da ita a kan tabarma, Inna na riƙe da kafaɗunta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Duhu ya cika tsakar gida, babu wanda ya tuna da fitila. Can Auta ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Kai wane ne, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Bakinta na ara. Ni na riga kowa zama a dajin nan. Mutumin nan ya zo da gatarinsa, kafin ya sari itacen farko sai da ya yi sallama. Babu wanda ya taɓa yi min sallama. Ya cinye dajina kaf ban tanka ba, don da yamma yakan zo ya zauna, ni ina saurare. Ku dawo min da shi."

"Ba naka ba ne," in ji malamin. "Za ka fita daga jikinta, ka bar gidan nan."

"To duwatsun. A mayar da su."

"Ba a yi maka aike a nan."

Da muryar ta sake fitowa, ta yi sanyi.

"Zan tafi, daji bai ƙare ba. Amma ka gaya min, Malam, in na tafi wa zai saurare shi? Akwai wanda ya goya a bayansa ya tsallake kogi da shi. Kullum sai ya kai tsakiyar kogin maganar ta tsaya masa, gobe ya sake farawa. Bai taɓa kaiwa gaɓa ba. Ba zan bar shi a tsakiyar ruwa shi kaɗai ba."

Malamin ya waiwayo ya dubi Baƙo.

"Ni," in ji Baƙo.

Aljanin ya yi dariya da bakin Auta. "Kai? Mai goge takalmi? Jakarka ma a ɗaure take."

"Zan kwance ta."

"Labarin ba ya da daɗi, kuma maimaitawa yake yi."

"Na ji."

Auta ta ƙura masa ido. Sannan ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin Inna. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Inna, wa ya kashe fitila?"

Washegari da yamma Baƙo ya haƙo dutse ɗaya mai faɗi daga ramin, ya turo shi a baro har kusurwar gona, don tsohon ya sami wurin zama. Ya koma ya riƙo hannunsa suka fito a hankali. Tsohon ya zauna, ya fuskanci daji, ya yi sallama. Ya karkata kunne ya jira. Ko ganye bai motsa ba. Ya sake yi, ƙasa-ƙasa, sannan ya sunkuyar da kai ya daɗe a haka.

Baƙo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa mai rauni, ya amsa sallamar.

Tsohon ya dube shi kamar yau ya dawo.

"Ka taɓa goya babban mutum a cikin ruwa?"

"A'a, Baba."

"To, cire takalmin nan," in ji tsohon. "Da nisa."