Larai, Matar da Manhaja Ta Aura Masa

Ranar kasuwar Isa ce Is'haƙa ya fara ganin Nuriyya. Yana tsugune gaban buhunan gero yana yi wa wayarsa magana ƙasa-ƙasa, ita kuma tana tsaron rumfar babanta, Malam Sodangi.

"Malam, saye za ka yi, ko da aljanu kake hira?"

Ya ɗago kai, sai abin da zai faɗa ya ɓace masa. Da ƙyar ya yi mata bayani: shafi gare shi a intanet. Yana zagaya kasuwannin Sabon Birni da Isa da Turba ya ji farashi, ya faɗa wa manhajar AI, ita kuma ta tsara masa rubutu mai daɗi, 'yan kasuwa har na Nijar suna karantawa.

Ta yi murmushi ta ce, "To hwaɗa mata geronmu ya hi na kowa."

Daga ranar, duk kasuwar Isa sai ka gan shi a rumfar, ko da farashi bai motsa ba. Soyayya ta kama su ƙwarai. Yana ce mata 'Yar Isa, tana ce masa Mai Farashi.

Sai dai bayan wani lokaci Nuriyya ta canza. Ta rage dariya, saƙonninta suka gajarce. Wata safiya ta rubuto:

"Mai Farashi, ba ka da abin da kake son hwaɗa mini?"

Ya yi tunani har kansa ya ɗau zafi, ya amsa:

"Ina sonki, 'Yar Isa. Kuma dawa ta tashi a Turba."

Ba ta amsa ba. Bawan Allah ya wuni yana juya wayar, ya rasa laifinsa, dawar ce ko son.

Duk da haka ya tura magabatansa. Malam Sodangi ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba, ya aiki ƙanensa Kamalu Sabon Birni, garin su Is'haƙa. Kamalu ya dawo a ruɗe. Maƙwabta sun rantse Is'haƙa bai taɓa aure ba. 'Yan kasuwa kuwa sun rantse yana da mata, Larai, wadda ta iya miyar kuka. Har wani Alhaji daga Maraɗi ya ba da turare a kai mata.

Aka kira Is'haƙa zaure. Nuriyya na bayan ƙofa tana ji.

Malam Sodangi ya ce, "Yaro, mai mata ba haramun ba ne ya ƙara. Ɓoyewar ita ce ba ni so. Wace ce Larai?"

"Baba, wace Larai?"

"Ni za ka tambaya?"

Kamalu ya miƙa wa Is'haƙa waya. Ga shafinsa, ga sunansa, ga rubutu: "Da na dawo gida, matata Larai ta tarbe ni da fura mai sanyi, ta ce gero ya yi tsada." Ya ja ƙasa, Larai. Ya ƙara ja, Larai ta yi zazzaɓi ta warke.

Shi dai lambobin farashi kawai yake dubawa ya wallafa. Ya tuna ya taɓa ce wa manhajar ta sa rubutun ya zama kamar hirar gida, ashe gidan ta gina masa har da matar ciki.

"Wallahi Baba ban san ta ba. Na'ura ce ta ƙirƙiro ta."

"Na'ura ta yi maka aure? Wa ya yi waliyyi?"

Is'haƙa ya buɗe manhajar, ya tambaye ta a gaban kowa. Ta amsa da ladabi cewa Larai matarsa ce, kamar yadda ya zo a rubuce-rubucensa na baya. Kamalu ya yi salati. Sai da Is'haƙa ya sake tambayarta inda ta samo sunan, sannan ta ba da haƙuri, ta ce ita ta ƙara shi don rubutun ya yi armashi.

Malam Sodangi ya ce, "Na yarda babu Larai. Amma wanda ake magana da sunansa bai san abin da aka ce ba, ƙaƙa za ni ba shi ɗiyata? Tashi ka tahi."

Bai kai bakin tasha ba saƙonta ya shigo:

"Tun watan jiya na karanta. Kuka na yi, ba don kana da ita ba, don ka ɓoye mini. Yanzu kuma an ce babu ta, na rasa da wa nake hushi."

Ya amsa:

"Da ni, 'Yar Isa. Ni ma da ni nake yi."

Mako guda ya yi yana bin rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire Larai, ya nemi gafarar masu karatu a fili, ya mayar wa Alhajin Maraɗi turarensa. Kasuwa ta yi ta masa dariya, wasu har da yi masa jaje. Ya shanye, ya koma zauren da kansa ya karanta wa Malam Sodangi neman gafarar da bakinsa, yana tuntuɓe.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan babu daɗi, amma kai ne. A sa rana."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Isa, aka kai amarya Sabon Birni cikin guɗa da addu'a. Manhajar tana nan yana aiki da ita, sai dai yanzu babu layin da ke fita sai su biyun sun karanta.

Rubutun farko bayan biki kuwa bai bari manhajar ta taɓa masa ba. Da yatsansa ya buga shi, Nuriyya na leƙe ta kafaɗarsa:

"Gero ya sauka a Isa. Na yi aure. Sunanta Nuriyya, kuma wannan akwai ta, ga ta nan kusa da ni."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.