Abin da Aka Rufe da Kankare

Ranar da Kaltum ta fara ganin Mikail, yana rataye a kan ƙarfe yana walda, tartsatsi na zuba cikin kogin Ngadda. Da ya sauko sayen shinkafa a wurinta, ya nuna mata gadar da suke ginawa a bayan Gwange: ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar baka, ɗaya daga kowace gaɓa.

"Ran da suka haɗu a tsakiya, 'yammata, ki ba ni amsa ko za ki aure ni."

Wata huɗu ba su haɗu ba. Kullum aka auna, saura taƙi ɗaya. Injiniya ya ce zafin rana ke wasa da ƙarfe.

Kaltum ta san ba haka ba ne. Tana wurin da kulolinta ranar da aka haƙa ramin ginshiƙi, ƙasa ta amayo ƙasusuwa, da guntun riga, da igiya a wuyan hannu. A shekarun nan kogin ya haɗiye mutane da yawa. Ɗan kwangila ya toshe hanci, ya ce a zuba kankare. Kowa ya yi shiru. Har ita.

Wata magariba, dab da dokar hana fita, ta koma ɗauko kular da ta manta. Ma'aikata sun watse. Kwaɗi ma sun yi tsit.

Wari ya tare ta. Warin naman da ya kwana cikin ruwa.

A gindin ginshiƙi wani na tsugune, hular kwanon Mikail a kansa, yana cin ragowar shinkafarta. Hannayensa a ɗaure suke. Baƙin ruwa na ɗiga daga yatsunsa cikin kular, tsutsotsi na iyo a miyar.

"Mikail?"

"Gobe Mikail zai hau ƙarfen nan." Muryar kamar toshasshiyar kwata. "Ba a yi mana wanka ba. Ba a yi mana sallah ba. Kin gani, kika ci gaba da zuba miya."

Ta ja da baya.

"Shi ma za mu rufe shi."

Ya fara ɗago kai.

Ta ruga, takalmi ɗaya ya zauna a laka.

Sau bakwai ta wanke hannunta da sabulu, warin bai fita ba. Can ta gane ba daga kular yake ba, daga shirun da ta yi ranar kankare yake.

Da safe Mikail na ɗaura igiyar hawa, ta wuce shi, ta wuce ɗan kwangila, ta dafa ginshiƙin a gaban kowa.

"Na gani," ta ce da ƙarfi. "Wallahi yau zan kawo bulama mai unguwa da liman. Ba mai hawa ƙarfen nan sai an fito da ku an yi muku sutura."