Ƙugin da Ke Cikin Feda

Ana dab da magariba Yatsu ya buɗe ɗakin da suke gwajin kiɗa, jita a kafaɗa, ƙanwarsa Auta tana biye da shi da jakar wayoyi. Yatsu ake ce masa don in ya kama jita sai ka rantse nasa sun fi goma. Auta kuwa ita ce mai waƙar, muryarta ce ma ta sa ake kula su. Washegari wani mai shirya waƙoƙi zai saurari abin da suka naɗa, kuma mutumin ba ya sauraron kowa sau biyu.

Ɗakin warin tsohon kafet yake da ƙurar sifika. Yatsu ya ajiye fedarsa a ƙasa, ɗan akwatin ƙarfen nan da ake takawa ya sauya muryar jita. A gwanjo ya same ta, fentinta duk ya ɗaye. Ya jona wayoyi, ya taka.

Sai ƙugi ya cika ɗakin, zuuu, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu.

Ƙugi ba baƙon mai jita ba ne, kowa ya san yadda ake farautarsa: ka riƙa cire abu ɗaya bayan ɗaya har ya yi shiru. Ya canza doguwar waya ya sa gajera. Yana nan. Ya kashe fanka, ya kashe dogon ƙwan fitila. Ya sa Auta ta kai wayar salularta waje. Ya zare caja ya sa wa fedar sabon batir. Har mai shagon gaba ya roƙa ya kashe firjinsa, mutumin yana ta mita. Ƙugi ko gezau.

"Yaya, mu bari sai an yi salla mana," in ji Auta.

"Ke dai ba ki da aiki sai ba da shawara. Matsar min da ita nan."

Ta sunkuya, ba takalmi a ƙafarta, ta ɗora hannu kan ƙarfen fedar. Nan take ɗakin ya yi tsit.

Yatsu ya yi dariya. Wannan ma ya san shi: wutar da ta rasa hanyar shiga ƙasa, jikin mutum take bi ta wuce. Maganin gaskiya shi ne a nemo mai gyara ya ɗaura wayar ƙasa. Amma ina lokaci? Ga kuma Auta a kusa, kyauta.

"Zauna haka, kar ki ɗaga. In na gama nawa sai ki yi naki."

Ta durƙusa a kan siminti, inda kafet bai kai ba. Ya danna na'urar naɗa sauti ya fara kiɗa. Wallahi bai taɓa jin jitarsa ta fita tas irin ta ranar ba.

"Yaya," ta ce a hankali. "Hannuna ya yi sanyi."

Ya harare ta, ya ci gaba.

"Yaya, abin nan numfashi yake."

"Ki rufe min baki, kina shiga cikin sautin."

Hawaye na zubo mata, yana gani, amma waƙar ta kusa kai ƙarshe.

Sai aka ɗauke wuta.

Ɗan jan hasken sifika ya mutu. Duhu ya rufe su. Auta ta fizge hannunta.

Ƙugin ya dawo, daga sifikar da babu wuta a cikinta.

Yanzu ba zuuu kawai yake ba. Yana ja, yana saki. Yana ja, yana saki. Wani wari ya tashi, kamar na gashin da ya ƙone.

"A'uzu billahi," Auta ta raɗa, ta kama karatun ayoyi.

Yatsu ya so ya yar da jitar. Hannunsa na hagu ya ƙi barin tsirkiyoyin. Sanyi ya shiga ta kan farcensa. Ya hau gaɓa ta farko. Ya hau ta biyu. Duk inda ya wuce, wurin ya daina zama nasa.

A cikin ƙugin wata murya ta yi magana, can ƙasa, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"Hanya."

Ƙaramin yatsansa ya sandare. Na kusa da shi ya bi.

"Yaya, ga ƙofa nan, zo mu gudu."

Ta miƙo hannu don ta ja shi. Ya cafke wuyan hannun da damansa. Ya san abin da yake yi, kar wani ya ce ruɗewa ce. Ya ja ta ƙasa, ya danna tafinta kan fedar, ya taushe da dukan ƙarfinsa.

"Yaya!"

Sau ɗaya ta kira shi.

Sanyin ya sauka daga yatsunsa kamar ana zare safa. Sifika ta yi shiru. Auta ta sulale a ƙasa, idonta a buɗe.

A gida ya ce wuta ce ta ja ta. An kai ta asibiti, an yi ta addu'o'i. Ta tashi, tana ci, tana sha, tana gane kowa. Amma in ta buɗe baki, ba abin da ke fita sai zuuu, siriri, mai ja da saki. Fedar kuwa ba ta ƙara ƙugi ba. Mai shirya waƙoƙi ya ɗauki Yatsu, ya haɗa shi da wata mawaƙiya.

Kwanaki suka wuce. Mahaifiyarsu ce ke yi wa Auta wanka, ita ta ga shatin da ya ƙi ɓacewa a wuyan hannunta, baƙi ƙirin, huɗu a sama, ɗaya a ƙasa.

Wata safiya Yatsu ya shigo gaishe ta, Auta na zaune a gefenta.

"Ba ni hannunka," in ji tsohuwar.

Ya miƙa na hagu.

"Na dama."

Ta kama shi, ta jera yatsunsa a kan shatin ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya zauna a wurinsa.

Ta saki hannun, ta goge nata da gefen zani.

"Tashi ka tafi wurin kiɗanka," ta ce. "'Ya ɗaya na haifa."