Ajin Raliya na Ƙarfe Huɗu

"Sai ta zo! Wallahi ko bisa kai za a ɗauko ta, sai ta zo!"

Muryar Goggo Batula ce ta cika tsakar gidan ɗanta Haliru a Tambuwal. Tun da azahar ta hawo babur daga Kebbe, hanya ta jijjige mata ƙashi, ga shi kuma ta iske abin da ta fi tsana a duniya, wato ƙofar ɗakin surukarta a rufe.

"Goggo, don Allah ki sassauta murya," in ji Haliru, yana durƙushe a gabanta. "Aji taka yi. Ƙarfe biyar za ta fito."

"Aji? Cikin ɗaki? Ita da wa? Shekara guda da aure, ba ta zuwa buki, ba ta zuwa suna, dangi sunka sa ni gaba da tambaya kamar ni nih haife ta! Jibi sunan ɗiyar da yayarka Hamdiya tah haifa. In ban gan ta Kebbe ba, ni da kai ta!"

Ta kurɓi ruwa, ta figi mayafinta, ta fice ba sallama.

Haliru malamin sakandare ne, kuma yana son matarsa Raliya so na haƙiƙa. Tun suna unguwa ɗaya ya san ta da kaifin kai da ƙarancin magana. Ta taɓa shiga babbar makaranta a Sakkwato, amma zango ɗaya ta yi ta dawo a rame. Zauren lakca mai ɗalibai ɗari uku, ga lasifika, ga rurin janareto, duk sun zame mata azaba. A can ne likita ya ce tana da galahanga: ƙara tana sukar ta kamar allura, taro yana rikita ta, kuma magana yadda aka faɗa mata haka take ɗauka. Bayan aurensu suka samo wata jami'a ta intanet da ta tsara karatu musamman don masu irin wannan lalura. Aji ba ya wuce mutum shida. Lakca a naɗe take, a tsayar a maimaita yadda aka ga dama. Wanda baki ya ƙi masa sai ya rubuta amsa, malama ta jira shi. Kullum ƙarfe huɗu Raliya ke buɗe kwamfuta tana karatun kimiyyar ƙasar noma, har ta yi ƙiba, har ta fara dariya da ƙarfi.

To, ga inda Haliru ya yi wauta, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Bai taɓa gaya wa kowa a danginsa gaskiya ba. Tsoro yake ji kada ya ce galahanga su ji hauka. Duk wanda ya tambaya sai ya yi murmushi ya ce, "Kunya ag gare ta." Malami guda, mai koya wa 'ya'yan mutane gaskiya!

Da Raliya ta fito ya gaya mata saƙon Goggo. Ta tsaya tana murza bakin hijabinta.

"Malam, mutum nawa za su zo?"

"Kaɗan na. 'Yan gida kawai."

"Za a sa kiɗi?"

"Ba kiɗi."

"To, in tafi da abin toshe kunnena."

"A'a, bar shi nan. Mata za su ce raini na, kin toshe kunne gaban manya."

Ta ajiye shi a kan gado, domin ita ba ta san mijinta da ƙarya ba.

Ranar suna suka isa Kebbe da azahar. Haliru ya zauna a tabarmar maza a ƙofar gida, Raliya ta shiga ciki ita kaɗai. 'Yan gida kawai? Gidan Hamdiya ba masaka tsinke! Ga masu daka, ga 'yan mata sun ƙure lasifika, ga yara na tsala kuka. Raliya ta raɓe jikin bango tana haɗa gumi. Sai Tambaya, tsohuwa mai guɗar gidan, ta hango ta.

"Ga amaryar Haliru! Yau tat taka gidan dangi, sai an karrama ta!"

Da zuciya ɗaya ta yi, haka al'adarsu take ga amaryar da ta fara zuwa taron dangi. Ta matso dab da kunnen Raliya, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa mai tsaga kai, sauran mata suka amsa.

Raliya ta ƙwalla ƙara, ta dafe kunnuwa da hannu biyu, ta durƙushe tana jijjiga gaba da baya.

"Iskoki! Iskoki sun tashi!"

"Ku danne ta! A kawo garwashi!"

Abin da take bukata kawai a matsa a ba ta wuri, a yi shiru. Su kuwa mata huɗu suka danne ta a ƙasa, aka ɓamɓare hannuwanta daga kunnuwanta, aka tura mata kaskon hayaki a hanci, kowa na ihu a kanta.

Haliru ya gane muryar matarsa daga waje. Bai tsaya neman izini ba, ya kutsa cikin mata, ya yi jifa da kaskon.

"Ku sake ta! Ku sake ta nic ce! Kashe ta za ku yi?"

"Haliru!" Goggo ta daka masa tsawa. "Gaban surukan yayarka kaka yi muna wanga cin mutunci?"

Bai ko waiwaya ba. Ya rufe kan Raliya da babbar rigarsa, ya kai ta bayan gari ƙarƙashin wata tsamiya, sai da ta daina rawar jiki sannan ya ɗora ta a babur. Har suka wuce garin Dogon Daji haƙoransa a cije suke.

Kwana uku Raliya ba ta furta kalma ba, ba ta buɗe kwamfuta ba. A rana ta uku yana makaranta saƙonta ya shigo wayarsa: "Ka ce mutane kaɗan. Na ƙirga tamanin da bakwai kafin in kasa." Haliru ya fita daga aji ya jingina da bango ya yi kuka. Ya kwana uku yana fushi da matan Kebbe, sai yanzu ya ga wanda ya fi cancantar fushin.

Ranar Asabar da rana Goggo ta dawo, fuskarta a murtuke.

"Ɗauko takarda ka sake ta. Yanzu, gabana! Ba ni haɗa jini da mai iskoki. Duk Kebbe zancenmu aka yi!"

"Goggo, ba iskoki ba na. Galahanga ta, likita yaf faɗi tun kafin aurenmu. Da ita anka haife ta. Ni niɓ ɓoye maku, ni niy yi mata ƙarya, ni nih hana ta abin toshe kunne. In akwai mai laifi, ga shi durƙushe gabanki."

"Wato ka sani kak kwaso muna ita? Ni za ka yi wa boko? Nonona kas sha ko nata?"

"Naki nis sha, kuma ban taɓa ƙetare maganarki ba. Amma wagga kam ki yi mani gafara. Ba ta yi maki komi ba, ba ta yi mani komi ba. Ba ni iya zaluntar ta sau biyu."

Goggo ta miƙe tana huci, sauran kaɗan ta faɗi abin da uwa ba ta so ta faɗa wa ɗanta. Sai ƙofa ta buɗe. Raliya ta fito ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Goggo, ina wuni. Ƙarfe fuɗu ta yi, ina da aji. In na ƙare, in saki na, sai a ba ni."

Ta tashi ta koma ɗaki. Goggo ta ga wannan shi ne ƙarshen raini.

"Yau sai na fasa wanga akwatin shaiɗan!"

Ta banka ƙofar, Haliru na biye yana roƙo. Ta miƙa hannu za ta fizgi kwamfutar, sai hannun ya tsaya a sama. Fuskoki shida ne a gilashin kwamfutar. Wata budurwa ta rufe kunnuwa da abin toshewa. Wani magidanci mai gemu yana jijjiga gaba da baya a kujerarsa, yana kaɗa yatsu kusa da fuskarsa, yana kuma amsa tambaya tiryan-tiryan. Malamar ta saurare shi har ya gama, babu wanda ya yi dariya. Ta kira sunan Raliya, ta yi shiru tana jira. Raliya ta rubuta, ta goge, can ta buɗe baki ta shiga bayani kan ƙasar fadama, muryarta na ƙara ƙarfi.

Goggo ba Turanci take ji ba, kuma ba Raliya take kallo ba. Idonta na kan mai gemun.

"Wancan," ta ce a hankali, "shi ma ita ag gare shi?"

"Ita ta, Goggo. Ya riga Raliya farawa, shekaratai ta ƙarshe ke nan."

"Ba a ɗaure shi ba?"

"Ɗaurewa kuma? Digiri za a ba shi."

Ta fita da baya-baya, ta zube a bakin rijiya. Haliru bai taɓa ganin uwarsa tana kuka irin wannan ba.

"Ina da ƙane, Mu'awiya," ta ce. "Ba ka san shi ba, ba mu faɗin sunanai. Haka yaka yi da yatsu, haka yaka jijjiga. Shanun babanmu duka ya san su, ko ɗaya taɓ ɓace shi ka fara sani. Ranar wani buki anka buga bindiga, yaf faɗi yana ihu. Anka ce iskoki na. Munka yi hayaki, munka yi duka, daga baya anka sa mashi marin ƙarfe ga ƙafa cikin ɗakin baya. Ni ka kai mashi tuwo. Shekara tara, Haliru, har yam mutu. Kullum in na shiga sai ya ce, 'Yaya, ku yi shiru.' Abin da yaka roƙo ke nan!"

Har aka tashi daga ajin tana zaune a wurin. Da Raliya ta fito ta tsaya tana jiran takardarta, Goggo ta share ido, ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ba a san ta da shi ba.

"Ɗiyata, ba saki. Ki yafe mani."

"Na yafe, Goggo."

Haliru ya matso. "Ni fa, Raliya?"

Ta daɗe tana murza hijabinta. "Na yafe. Amma in da yawa na, ka ce da yawa na."

"Har in mutu," in ji shi.

Ba a rana ɗaya dangi suka saduda ba. Wasu sun yi shekara ba su taka gidan ba, wasu har yau suna gulma. Amma duk lokacin jarrabawa sai Goggo ta hawo babur daga Kebbe, ta shimfiɗa tabarma a zaure da sanda a gefenta. Mai talla, mai ziyara, har Hamdiya da goyonta, kowa sai ya jira a waje. Bayan shekara biyu takardar digirin Raliya ta iso Tambuwal, Haliru ya karanta wa uwarsa ita kalma bayan kalma, Raliya na zaune a tsakaninsu.

Jama'a, mu ji tsoron Allah game da waɗanda Ya halitta daban da mu. Miji ya daina ɓoye lalurar matarsa don kunyar dangi, domin ita ce za ta sha wuyar ƙaryar. Iyaye kuma mu tambaya kafin mu danne, mu saurara kafin mu kawo hayaki. Raliya ta yi haƙuri, Allah ya ba ta ilmi da miji da uwa. Mu'awiya kuwa shiru kawai ya roƙa, shekara tara, bai samu ba.