Butar Alwalar Mudassiru

"Saliha! Ke Saliha! Wane irin rashin imani ne wannan?"

Saliha ta saki ludayi ta fito daga madafa. Inna Kubra, uwar mijinta, na tsaye tana nuna butar alwala da aka ajiye can gindin rumbu. Shi kuwa Mudassiru yana dafe da bango, yana jan ƙafa zuwa wajen butar yana haki.

Wata bakwai ke nan da ciwon ƙoda ya raba shi da gonarsa ta tumatir a bakin kanal ɗin noman rani na Bunkure. Litinin da Alhamis sai an kai shi Kano wankin ƙoda, ya dawo kamar tsumman da aka matse. A can ne wata likitar gashin ƙashi ta ja Saliha gefe ta ce in ya ci gaba da kwanciya ƙafafunsa za su daina ɗaukarsa, sai ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan a ranakun da babu wanki. To amma Mudassiru akwai zuciya, ba ya son maƙwabta su gan shi yana rarrafe. Shi ne Saliha ta yi dabara: salla dai ba fashi, sau biyar sai ya nemi buta. Kullum sai ta ƙara nisanta ta da taku biyu.

"Autana na kwance rai a hannun Allah, shi zai ɗauko wa kansa ruwa kina gidan?" Inna ta ce. "A garin nan ko baƙo ne ya kwanta ciwo ba a barinsa ya ɗaga tsinke!"

"Inna, wallahi dokta ce ta ce..."

"Doktar ce ta haifa mini shi?"

Mudassiru ya ɗago da ƙyar. "Inna, eksasayis ne fa, motsa jiki..."

"Rufe mini baki! Ta gaji da jinya ne, so take ta ƙarasa ka ta huta. Yau za ta tafi gidansu. Ka ƙara tanka mini kuwa, takardarta zan sa ka rubuta!"

Ya sunkuyar da kai. Wannan shirun nasa ya fi duk faɗan Inna yi wa Saliha ciwo. Ta haɗa kayanta tana kuka ta hau mashin zuwa gidansu a Kura.

Zama dai sunansa zama, amma Saliha ba ta zauna ba. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa zaure ta dawo, ta ɗora tukunya ta manta gishiri. Duk mashin ɗin da ya tsaya a layinsu sai ta miƙe, ko takardar ce aka kawo. Labari kuma yana zuwa daga bakin mata masu dubiya: an mai da shi ɗakin Inna, a kwance yake salla, ko juyi sai an juya shi, kowa na yaba ƙoƙarin tsohuwa.

"Ke ni kin ishe ni da zarya!" in ji yayarta Adama. "Mijin da bai iya tsaya miki ba? Ki nemi takardarki tun da ƙuruciyarki."

"Yaya, uwarsa ce fa. Ni ba zuciya nake yi ba, ƙafafunsa nake jiye wa."

Sati biyar cif. Ran wata Juma'a da la'asar aka yi sallama, sai ga Inna Kubra da kanta, ba aike ba. Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa.

"'Yar nan, biko na zo," ta ce. "Sati uku da tafiyarki sai da ƙarti biyu suka ɗauke shi cak zuwa gadon wanki. Likitar nan ta tambaye ni ina matarsa, ta ce wa ya kwantar da shi haka? Na ce ni ce. Ni da hannuna, Saliha, ina ganin gata nake yi masa! Tun daga ranar nake zagaya tsakar gida da shi. Ki yafe mini."

Saliha ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Haba Inna, ba komai wallahi. Yana ina? Yaya jikin nasa?"

"Ya ƙi a sauke shi a ƙofa. Tun daga injin shinkafar da ke bakin layinku ya ce mai mashin ya ajiye shi."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta yi zaure da gudu. Ga shi can tafe a tsakiyar layi, ya rame, yana dogara sanda, mutane na kallonsa bai damu ba. Ta yunƙura za ta tare shi, ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya nan, kar ki matso!" ya ce yana haki yana dariya. "Ranar nan ban tsaya miki ba. Yau kam da ƙafata zan iso."

Ta tsaya, hawaye na zuba, har ya iso.

Inna don so ta kwantar da ɗanta, Saliha don so ta tashe shi, ta kuma haƙura da zargi ba ta mayar wa babba magana ba. Mai jinya ya sani, wani tausayin cutarwa ne, wanda kuma ya daure a kan gaskiya Allah ba zai bar shi ya ji kunya ba.