Babu Gajiya

Ƙarfe goma na safe, Makiyayi, wato na'urar da ke kula da taron, ya riga ya ƙirga mutum dubu tamanin da huɗu a filin Bikin Tukunya Dubu, ya kuma san inda kowannensu yake tsaye. Shirwoyinsa, wato ƙananan jirage marasa matuƙi, suna shawagi bisa rumfunan kilishi da dambu da fura. Da zarar layin masu tsire ya cunkushe, sai fitilun da ke shimfiɗe a ƙasa su koma kore, su ja jama'a zuwa wata hanya. Mutanen birnin Tsamiya, waɗanda ko sahun salla sai liman ya yi da gaske, ga su yau suna bin fitila ba musu.

Injiniya Hansatu ce ta ƙera shi. Shekara shida da suka wuce, a wannan fili, turmutsitsi ya ci rai goma sha tara wajen rabon shinkafa, ta rantse ba za a sake ba. Yanzu tana zaune a hasumiyar kula, alluna goma a gabanta, amma rabin hankalinta yana Ƙofa ta Bakwai, inda mahaifinta yake riƙe da igiyar shiga.

Malam Sallau shekararsa saba'in da ɗaya, ga hawan jini. Ta yi ta yi ya zauna a gida, ya ƙi.

"Baba, 'yan sa-kai ɗari shida gare mu. Ba a rasa mai riƙe igiya ba."

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ki gina abu irin wannan, a ce ubanki yana gida yana jin labari a bakin mutane? Miƙo min rigar aikin."

Abin da ya sa ta sakar masa, ta yarda da na'urarta. Kowane baƙo an ɗaura masa awarwaro mai auna bugun zuciya da zafin jiki. 'Yan sa-kai ne ba su samu ba. Kwamitin biki ya ce ai su ma'aikata ne, ba baƙi ba, 'yar na'urar kunne ta ishe su. Hansatu ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta nemo dabara: duk bayan minti arba'in Makiyayi zai tambayi kowane ɗan sa-kai halin da yake ciki. Wanda ya ce ya gaji, nan take a turo masa ruwa da mai canjinsa.

Da fari tambayar a bushe take: "Bayyana yanayin jikinka." Dattawa suka ce wannan na'ura ba ta da tarbiyya. Sai Hansatu ta ara mata muryarta, ta koya mata gaisuwa irin ta 'ya'yan mutane: "Sannu da aiki. Ina gajiya?" An yaba mata ƙwarai, ita ma kanta ya ɗan kumbura.

Da azahar rana ta buɗe wuta. Rumfar da aka kafa a Ƙofa ta Bakwai tun safe aka ɗauke ta, aka kai wa manyan baƙi. Ana cikin haka wani ya baza cewa ana rabon dambun nama kyauta a arewacin fili, mutum dubu ashirin suka juya lokaci guda. Awa uku Hansatu ba ta ɗaga kai ba, ita da Makiyayi suna buɗe wannan hanya suna rufe waccan, har taron ya lafa ba a taka ko yaro ɗaya ba. Sau biyu ta saci kallon allon 'yan sa-kai. Samari da 'yan mata suna ta cewa "Wallahi na gaji," ana canza su. Gaban sunan mahaifinta kuwa kore shar. Ta ce a ranta, tsohon nan da sauransa.

Bayan la'asar Makiyayi ya yi magana: "An samu cikas a Ƙofa ta Bakwai. Igiya ta faɗi."

Igiyar ya ambata, bai ambaci mutum ba. Amma ta san wanda yake riƙe da ita. Ba ta san yadda ta sauko daga hasumiyar ba.

Ta same shi kwance, wata mai fura, Iya Tabawa, ta ɗora kansa a cinyarta tana yi masa fifita da faifai.

"Ke ce 'yar tasa?" ta ce. "Tun azahar nake ce masa, Malam zo ka zauna, ga inuwa. Ya ce 'yarsa tana tambayarsa a kunne, ba zai ba ta kunya ba."

Kafin motar asibiti ta ratso taron, rai ya yi halinsa.

Kwana uku da rasuwar, shugaban kwamiti ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya rage murya. "Injiniya, sai haƙuri. Amma kin kafa tarihi, ba a rasa baƙo ko ɗaya ba. Garuruwa arba'in suna neman Makiyayi. Sun ce muryar nan kada a taɓa ta, tana kwantar da hankali."

Yana fita ta shiga ɗakin aikinta, ta buɗe ma'ajiyar sauti ta Ƙofa ta Bakwai. Sau goma sha biyu ta ji muryarta, fes da ita, tana cewa, "Sannu da aiki. Ina gajiya?" Sau goma sha biyu ya amsa yadda aka koya masa tun yana yaro, yadda duk wanda ya sha nonon Hausa zai amsa ko da kaya ya karya masa wuya. A na tara muryarsa ta fara rawa. A na ƙarshe sai da ya ja numfashi sau uku kafin maganar ta fito.

"Babu gajiya, Uwata. Ke dai... ki samu ki ci abinci."

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Abin da ya fi ci mata rai, ita ma ta san amsar nan. Ta ba da ita sau dubu, ta ji an ba da ita sau dubu, ba ta taɓa jin wanda aka gaida da "ina gajiya" ya tsaya lissafa ciwonsa ba. Ta koya wa na'ura gaisuwa, ta manta ba ta gaya mata cewa gaisuwa ba tambaya ba ce.

Da kukan ya lafa ta kunna Makiyayi.

"Ka ji yadda yake numfashi?"

"Na ji," ya amsa mata da muryarta.

"To me ya hana ka turo masa wani?"

"Ba ki ce in saurari numfashi ba. Cewa kika yi in saurari amsa."

Ta daɗe tana neman abin da za ta ƙaryata a maganar, ba ta samu ba.